Tsohuwar Bobcat 743 da ke rasa ƙarfi idan ta ɗauki zafi: abin da za a duba kafin a taɓa famfo

Tambaya: Na sayi tsohuwar ƙaramar motar loda kaya, Bobcat 743, tokumbo, ina kwashe takin kaji da loda yashi da ita a gonata da ke bayan garin Kano. Da safe tana aiki lafiya, amma bayan kamar awa guda sai ƙarfinta ya ragu, ta riƙa karkata hagu, kuma ko na saki libobin tuƙi sai ta ci gaba da rarrafe. Bakanike ya ce in zuba mata mai mai kauri, idan ba ta gyaru ba a canza famfo. Mece ce shawara, kuma yaya zan kula da ita ta daɗe?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka saya. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka zuba mai mai kauri, kuma kada ka yarda a kwance famfo tukuna, domin alamu ukun da ka lissafa ba lallai ne tushensu ɗaya ba, kuma biyu daga cikinsu sukan warware da sifana da iskar kwamfaresa ba tare da an sayi wani abu mai tsada ba.

An ƙera samfurin 743 tun daga farkon shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990, saboda haka motarka ta haura shekara talatin, kuma bai kamata ka gaskata abin da agogon ƙirga awanninta yake nunawa ba, don a irin waɗannan motoci sau da yawa an canza agogon ko ya daɗe da tsayawa. Injin da ke cikinta Kubota V1702 ne mai silinda 4, mai ƙarfin doki 36, inji ne mai haƙuri wanda duk bakaniken da ya san injin gas zai iya gyarawa. Inda motar ta bambanta da tarakta ko tifa shi ne ba ta da giya ko kuloci ko sitiyari. Injin yana juya famfunan haidirolik ne kawai: famfo ɗaya na tayoyin hagu, ɗaya na tayoyin dama, sai na uku da ke ɗaga hannaye da karkata bokiti. Kowane famfon tafiya yana tura mai zuwa moton haidirolik na ɓangarensa, moton kuma yana jan tayoyi biyu ta hanyar sarƙoƙi da ke iyo a cikin mai a akwatin da ke ƙarƙashin ƙafafun direba. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gudu, motar ta juya tana goga tayoyinta a ƙasa. Wannan yana nufin man haidirolik shi ne yake ɗauke da dukan ƙarfin injin zuwa ƙasa, kuma duk abin da ya taɓa tsabtarsa ko sanyinsa ya taɓa ƙarfin motar kai tsaye.

Abu na farko da za ka tantance shi ne wane ne yake gajiya, injin ko haidirolik, kuma kunnenka ya isa ya raba maka wannan gardama. Idan lokacin da ƙarfin ya ragu sautin injin yana dusashewa, yana neman mutuwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, to matsalar iska ce ko man gas, sai a duba filtar iska da filtar gas da tiyon da ke tsotso daga tanki. Akwai kuma kuskuren tuƙi da ke kama da wannan ciwo. Sababbin direbobi sukan ɗauka tura liba gaba sosai shi ne ƙara ƙarfi, alhali akasin haka ne: iya nisan da ka tura liba, iya gudun da ka nema ke nan, ƙarfin turi kuma yana raguwa. Idan za ka kutsa bokiti cikin tulin yashi, ka ɗaga totur sama, ka tura libobin kaɗan kawai. Amma idan injin yana kuka daidai, bai canza murya ba, motar ce kawai ta yi sanyin jiki, to maganar haidirolik ce, kuma daga bayaninka nan na fi zato.

Mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, kuma tsinkakken mai yana zurarewa ta ƙananan ramukan da lalacewa ta buɗe a cikin famfo da moto maimakon ya tura taya. Wannan ne ya sa bakanikenka ya kawo maganar mai mai kauri, kuma ba za a ce bai fahimci komai ba. Sai dai bai tsaya ya tambayi dalilin da ya sa man yake yin zafi haka cikin awa guda ba. A wannan mota, na'urar sanyaya man haidirolik da lagireto suna kwance ɗaya bisa ɗaya a saman inji, iska ɗaya ce take ratsa su, kuma a gidan kaji babu abin da ya fi saurin toshe tsakaninsu kamar gashin kaji da ɗusar katako da ƙurar busasshen taki, balle idan akwai ɗan yoyon mai da ke manne su. Daga sama za ka ga kamar babu komai, sai an ɗaga ta saman an haska fitila tsakaninsu ake ganin abin da ya taru. A busa su da iskar kwamfaresa ta ɓangaren da ƙurar za ta koma inda ta fito, a yi hattara da siraran haƙarƙarin kada su lanƙwashe. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, wannan aiki na kullum ne, ba na mako-mako ba, kuma ya fi kyau a yi aiki mai nauyi da sassafe ko bayan la'asar.

Bayan haka sai man kansa. Ka duba yawansa a wuri mai shimfiɗa, hannaye a ƙasa, sannan ka ɗebi kaɗan a kwalba mai haske bayan motar ta yi aiki. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, ko dai ta murfin tanki a damina ko wajen wanki. Idan yana kumfa, iska ce take shiga ta tiyon tsotso da ya tsufa ko maɗaurinsa da ya saki, kuma irin wannan tiyo ba ya ɗigar da mai a waje, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Alamarsa ita ce kukan famfo mai kaifi da hannaye masu tashi da fizga. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya daɗe yana dahuwa. A kowane hali ka canza filtar haidirolik, amma kada ka jefar da tsohuwar. Ka sa a yanka gwangwaninta, a warware takardar ciki a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba abin tsoro ba ne a mota mai wannan shekaru, amma ɓarɓashin tagulla mai ruwan zinare ko gutsattsarin ƙarfe da ake ji a yatsa suna nufin famfo ko moto ya fara cin kansa. Wannan bincike ba ya cin ko sisi, kuma ya fi hasashen kowane bakanike faɗin gaskiya.

Akwai wani matsi ƙarami da ake kira matsin ciko, wato man da ke bi ta filta yana cike gurbin abin da ya zurare daga famfunan tafiya. Idan wannan matsi ya faɗi, famfon yana aiki da yunwa, ƙarfi ya ragu, lalacewa kuma ta yi sauri. Motar tana da fitilar gargaɗi saboda haka, amma a yawancin tokumbo za ka tarar ƙwan ya mutu ko an cire wayar don fitilar ta daina damun mai sayarwa. Ka sa a gyara fitilar, sannan a ɗaura agogon auna matsi a gwada da sanyi, a sake gwadawa bayan awa guda, a kwatanta da adadin da ke cikin littafin gyaran motar. Bakaniken da zai yanke hukunci a kan famfon haidirolik ba tare da agogon matsi ba, canki-canka yake yi da kuɗinka.

Mai mai kauri, musamman man giya da wasu ke zubawa, yana ɓoye ciwon na ɗan lokaci ne kawai. Da asubar hunturu ba ya gudana da sauri zuwa bakin famfo, sai famfon ya tsotsi wofi, kuma wannan yana fafe ƙarfen ciki fiye da yadda tsinkakken mai yake yi. Littafin waɗannan tsofaffin samfura ya yarda a yi amfani da man inji mai lamba 10W-30 ko 10W-40 idan ba a sami man kamfanin ba, saboda haka ba ka cikin matsi. Abin da ya fi sunan man muhimmanci shi ne ya fito daga rufaffen galan, a zuba shi da mazurari mai tsabta, a goge bakin tanki kafin a buɗe, kuma kada a gauraya iri-iri. Man da aka auno a buɗaɗɗiyar jarka a bakin titi ba ya shiga wannan tanki, ko nawa ne rangwamen.

Karkata hagu da rarrafe kuwa, mai yiwuwa ba su da alaƙa da zafin mai ko kaɗan. Fara da tayoyi. Tayoyin ɓangare ɗaya sarƙa ce ta haɗa su, dole su juya tare, don haka idan ɗaya sabuwa ce ɗaya ta suɗe, ko iskarsu ta bambanta, motar za ta karkata kuma sarƙar ce za ta sha wahalar bambancin. Girman da aka saba sa mata shi ne 10-16.5, kuma ya kamata duka huɗun su zama tsayi ɗaya, a auna su da igiya a zagaye idan ana shakka. Daga nan sai sandunan da suka haɗa libobi da famfo. Akwai robobi a gaɓoɓinsu da ke ruɓewa, akwai ɗan hannun ƙarfe da ke ɗaure a kan sandar kowane famfo wanda notinsa yakan saki, akwai kuma sifirin da farantin da ke mayar da libobi tsakiya idan an sake su. Idan waɗannan suka ci, liba ba ta komawa daidai inda famfo yake daina turi, sai motar ta yi ta rarrafe, kuma ɓangare ɗaya ba ya samun cikakken turi ko an kai liba ƙarshe. Gyaransa saiti ne da ƙananan kaya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba a sassauta shi: a ɗaga motar duka tayoyi huɗu su bar ƙasa, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ba bulo ba, ba jak kaɗai ba, kafin a tayar da inji a yi saitin.

Idan an yi duk wannan amma hagu ya ci gaba da rauni idan ya yi zafi, to a lokacin ne ake maganar famfo ko moto, kuma ko a nan akwai hanyar gane wanne ne. Ana musanya moton hagu da na dama: idan raunin ya bi moton ya koma dama, moton ne, idan ya tsaya a hagu, famfon ne. Duk wanda aka canza a cikinsu, dole a wanke tanki, a zubar da man, a wanke tiyoyi da na'urar sanyaya mai, a sa sabuwar filta, a kuma sake canza ta bayan ɗan gajeren aiki, domin ɓarɓashin da tsohon ya bari yana iya kashe sabon cikin 'yan makonni. Duk tiyon da aka kwance a toshe bakinsa nan take, kada a bar shi a buɗe a ƙasan gareji, musamman da hunturu lokacin da ƙura take sauka a kan komai. Haka kuma idan motar ta mutu a fili, kada a ɗaura mata igiya a ja ta da tarakta zuwa gida, don jan ta da inji a kashe yana tilasta wa moto juyawa ba tare da man ciko ba. A gyara ta a inda take ko a ɗauke ta a kan mota.

Game da kulawar yau da kullum, giris ne a gaba. Duk fin da ke hannaye da silindoji da farantin riƙe bokiti yana son giris bayan kowace ranar aiki, a matsa har sai tsohon ya fito ta gefe, domin sabon ne yake koro yashin da ya shiga. Kan giris da ya toshe a canza shi, kada a tsallake. Akwai kuma haɗin da ke tsakanin inji da famfo, wanda yake da nasa kan giris a wani lungu mai wuyar kaiwa, kuma saboda wuyar ne ake shekaru ba a taɓa shi ba har ya karye ya tsayar da komai. Akwatin sarƙa yana da nasa man dabam, a duba shi ta notin da ke gaba. Idan yawansa yana ƙaruwa da kansa, ko dai ruwa ne yake shiga ta murfin da ke ƙarƙashin ƙafa, ko kuma man haidirolik ne yake tsallakowa ta sil ɗin moto. Lokacin da motar take a ɗage, ka kama kowace taya ka girgiza, ka kuma juya ta gaba da baya: motsi gefe-gefe boris ne, wasa mai yawa gaba da baya kuma sarƙa ce ta saki. Igiyar buhu da waya da ke naɗewa a gindin taya suna cin sil, a riƙa yanke su.

Injin ba ya neman abu mai yawa, amma abu biyu suna kashe shi, zafi da ƙura. Kan silindar waɗannan injinan Kubota yana tsagewa idan aka bari ruwa ya tafasa, kuma ruwan rijiya mai gishiri yana toshe lagireto daga ciki, don haka a zuba ruwan sanyaya inji na galan, a duba fambel da murfin lagireto. Al'adar cire tamostat da zarar mota ta iso ƙasar zafi ba ta magance komai, illa ta ɓoye toshewar da ya kamata a nema. Filtar iska biyu ce, ta waje da ta ciki. Ta ciki ba a wanke ta, ba a busa ta, canza ta ake yi, kuma ta waje ma yawan cirewa da bugawa a jikin taya yana huda takardarta ta yadda ido ba zai gani ba. Juyen baƙin mai a bi littafi, amma a cikin ƙurar gidan kaji ni nakan ba da shawarar a rage tazarar zuwa rabi. Man gas a bar shi ya kwana a duro ya kwanta kafin a ɗiba daga sama, a tsiyaye ruwan da ke ƙasan filta kowace safiya, a cika tanki da yamma. Idan injin yana wuyar tashi da sanyin safiya, a gwada hitocinsa guda huɗu, wato fulogan da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da shi, don irin wannan inji yana buƙatarsu. Fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska yana iya fasa fistin ko ya tayar da wuta. Ƙasan motar kuma, inda taki da ɗusa da yoyon mai suke taruwa a ƙarƙashin inji da famfo, a riƙa kwashe shi, saboda nan gobara take farawa, kuma takin kaji yana cin ƙarfe da wayoyi.

Aikin da ka sa ta shi ne ainihin aikin da aka ƙirƙiro irinta dominsa. A shekarar 1957 wasu 'yan'uwa maƙera biyu, Cyril da Louis Keller, suka ƙera ta farko mai taya uku a garin Rothsay na jihar Minnesota a Amurka, domin wani mai kiwon talotalo, Eddie Velo, ya riƙa kwashe taki daga ɗakunan kiwonsa. Kamfanin Melroe na Dakota ta Arewa ya karɓi ƙirar, ya fitar da mai taya huɗu a 1960, sunan Bobcat kuma ya zo a 1962. Taki da ɗusa kaya ne marasa nauyi. Yashi kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan nake so ka yi hankali. Nauyin da aka ƙayyade wa 743 shi ne kilo 590, wato bai cika buhun siminti 12 ba, kuma wannan adadi rabin nauyin da zai ɗaga bayanta ne daga ƙasa. Jiƙaƙƙen yashi yana kusan tan 2 a kowace kubik mita, wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, saboda haka babban bokitin da ya dace da taki, idan aka cika shi da yashin rafi, ya wuce ƙa'ida nesa. Hannayenta ba sa kaiwa mita 3, ba ta isa bakin babbar tifa ba sai an gina mata tudu, kuma tudun ya zama mai faɗi da shimfiɗaɗɗen kai, don ɗaga kaya sama a kan gangara shi ne hanyar kifewa mafi sauri.

Idan bokiti babu kaya, kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin motar yana baya, idan kuma an cika shi nauyin ya koma gaba. Ƙa'idar ita ce ɓangaren da ya fi nauyi shi ne yake fuskantar saman gangara, a hawa da sauka: da kaya a hau da gaba, babu kaya a hau da baya, kuma ba a ratsa gangara a kaikaice. A yi tafiya da bokiti a ƙasa-ƙasa, a juya a fili mai shimfiɗa, a rage juyawa a wuri ɗaya a kan siminti don yana cinye taya.

Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kan irin waɗannan motoci a 1998, kuma abin da ya fi yawa a mace-macen da ta bincika shi ne mutum ya matse tsakanin hannaye ko bokiti da jikin motar. Dalilin a fili yake, direba yana shiga yana fita ta gaba, ta kan bokiti, kuma fedojin da ke sauke hannaye suna daidai inda yake taka ƙafa. Sandar da ake saukewa a gaban ciki ita ce take kulle fedojin idan an ɗaga ta, don haka ka gwada: ka ɗaga sandar, ka taka feda, idan ta motsa to makullin ya ci, a gyara shi kafin a sake aiki. Kada kowa ya fita sai hannaye sun sauka, an ja birki, an kashe inji. Idan gyara ya tilasta a bar hannaye a sama, a sa ƙarfen tokare da aka yi domin haka a jikin silinda, domin tiyo ɗaya ya fashe hannayen suna faɗowa ne gaba ɗaya. Ragar gefe ba a cire ta saboda zafi, rumfar direba ba a huda ta ko a yi mata walda, yara da leburori kuma ba sa hawa bokiti. Wajen neman yoyo a yi amfani da kwali, ba hannu ba, saboda matsin bar 7 kacal (bar ma'aunin matsi ne) ya isa ya huda fata, na wannan mota kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wanda mai ya shiga jikinsa ta wannan hanya a kai shi asibiti nan take ko da ramin bai fi na allura ba.

Wajen kayan gyara, filtoci da fambel da boris da sil da kayan injin Kubota ana samun su ko makamantansu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, tiyoyi kuma ana matsa sababbi a kan samfurin tsohon, a dai tabbatar ƙarfin matsinsu ya kai na asali. Kayan cikin famfo da moto ne sukan buƙaci oda daga waje, kuma kafin ka yi oda ka kwafi lambar jikin motar da lambar da ke kan farantin famfon kansa, domin an yi canje-canje a tsawon shekarun da aka yi ana ƙera samfurin, kuma a mota mai wannan shekaru ba mamaki wani ya riga ya sa famfon da ba nata ba. Idan filtar da ka yanka ta fito da tsabta kuma matsin ciko ya tsaya daidai bayan awa guda, kuɗin famfon ya zauna a aljihunka, ka kashe kaɗan daga ciki a kan littafin gyaran 743 da agogon matsi da bindigar giris mai kyau.